Idon da Tiong Lai Ya Ƙera

Duk wanda ya taɓa zama kusa da Beh Tiong Lai a shagon shan gahawa ya san halinsa. Kana cikin magana zai tsura wa tabarau ɗinka ido, ya yi ta mutsu-mutsu a kan kujera, can sai ya miƙo hannu ya ce, "Kawo nan." Ya zaro wani ɗan farin ƙyalle daga aljihun gaba, ya hura wa gilashin iska, ya goge daga tsakiya zuwa baki, ya ɗaga sama ya duba, sannan ya mayar maka. Ba godiya yake nema ba. Shi dai ba ya iya ganin shatin yatsa a kan gilashi ya yi shiru. Matarsa Poh Gaik takan ce ranar aurensu sai da ya goge madubin ɗaki kafin ya dubi amarya.

A Gadar Beh aka haife shi, ɗaya daga cikin unguwannin katakon da suka miƙe cikin teku a bakin tashar jiragen Penang. Doguwar gada ce, gidaje dama da hagu a kan turaku, ɗakin bauta a bakin shiga, kuma duk wanda ka gani a kai Beh ne ko matar Beh. Ubansa ɗan kwale-kwale ne, yana ɗauko kaya daga manyan jirage zuwa gaɓa. 'Ya'yansa maza biyu. Babban, Tiong Hin, ya iya iyo kafin ya iya magana. Ƙaramin kuwa tsoron ramukan da ke tsakanin katako yake yi. Idan ya leƙa ya ga ruwa yana motsi a ƙasa sai ya dafa bangon gidaje ya riƙa tafiya a karkace. Daga nan yayansa ya laƙaba masa Ƙaguwa, sunan kuma ya bi shi.

Uban ya duba ya ce wannan ba na ruwa ba ne, a kai shi makarantar mishan. A wancan zamani makaranta makaranta ce: farin takalmi da ake shafa wa alli kowace safiya, tawada a cikin ɗan kasko a kusurwar tebur, ƙararrawar tagulla da ake ji har kasuwa. A can ya haɗu da Fada Cornelius, malamin kimiyya, dogo mai jan wuya wanda zafin ƙasar bai taɓa yi wa sauƙi ba. Wata rana Fada ya sa aka rufe tagogin aji duka, ya bar 'yar ƙofa ɗaya a jikin katako. Hasken rana ya shigo siriri, ya ratsa wani dunƙulen gilashi mai kusurwa uku, ya baje a kan tebur launi-launi kamar bakan gizo. Fada ya ɗauki ma'aunin zafi ya ajiye can gefen ja, inda babu komai sai duhu. Yara suka kewaye. Ma'auni ya fara hawa.

Fada ya ce, "Akwai haske a nan. Idonku ne bai kai ba."

Sauran yara suka fita wasa. Tiong Lai ya tsaya yana kallon wurin da babu komai ɗin har aka buɗe tagogi.

A makarantar nan aka yi masa baftisma, aka sa masa Lawrence. Uban ya dai ɗaga kafaɗa. Abin bai zama magana ba sai ranar da tsohon ya mutu. Aka jera 'ya'ya gaban akwatin gawa, Tiong Hin ya kunna turaren tsinke ya miƙa wa ƙanensa. Tiong Lai, yana saurayi mai zafin sabon addini, ya maida hannuwansa baya. Gada kaf tana kallo. Tiong Hin ya tsaya da turare a hannu har toka ta zubo masa a yatsa, sannan ya juya ya soke shi da kansa.

Bai yi faɗa ba, bai kuma yanke zumunci ba. Duk sabuwar shekara akwai kujerar Tiong Lai a teburinsa. Sai dai daga ranar bai sake ce masa Ƙaguwa ba. Da farko Lawrence yake ce masa, yana jan sunan kamar ƙashin kifi ya maƙale masa. Daga baya ya koma Injiniya. "Injiniya ya iso, a ba shi kujera." "Injiniya zai ƙara shinkafa?" Cikin ladabi, kamar yadda ake yi wa baƙon gwamnati.

A shekarun da aka mayar da gonakin shinkafar Bayan Lepas masana'antu, Tiong Lai ya samu aiki a wani kamfani mai ƙera idanun lantarki. Ɗan abu ne da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, idan haske ya taɓa shi sai ya saki lantarki. Ya fara daga layin dubawa, ya sunkuya kan madubin ƙara girma har wuyansa ya saba, a hankali ya hau zuwa ɗakin masu zane. Mafi yawan rayuwarsa ta aiki a ɗakin duhu ya yi ta, wani ɗaki da aka shafe da baƙin fenti har rufi, inda ake auna ko ido yana cewa ya ga haske alhali babu. Mutane sukan fito daga ɗakin nan da ciwon kai. Shi yakan fito yana fito da baki.

Ya ƙirƙiro abubuwa, ƙanana ƙanana. Akwai wata 'yar hula da ya yi wa idon talabijin don ya daina ruɗewa da fitilar rufi ya saurari rimot kaɗai. Akwai wani siririn bango, bai kai kaurin gashi biyu ba, da ya sa tsakanin fitila da ido a cikin wayar hannu, don fuskar waya ta mutu idan ka kara ta a kunne. Kamfani ya rubuta sunansa a takardun mallaka tare da na wasu, ya ba shi allon yabo na katako. Poh Gaik ta ga allon yana da kauri, ta mayar da shi abin ɗora tukunya mai zafi. Idan ya yi ƙoƙarin bayyana aikinsa a teburin sabuwar shekara, Tiong Hin yakan gyaɗa kai ya ce, "Madalla, Injiniya," ya juya ya tambayi wani yadda kamun jatan lande yake bana.

Tiong Lai ya yi ritaya gashi ya yi fari. Tiong Hin kuma ya ajiye tuƙi ya zama mai kula da ɗakin bauta na gada: shi ke share shi, shi ke zuba mai a fitila, shi ke riƙe da makulli.

Wata rana da azahar, cikin rani, Tiong Lai yana tsaye a tagar gidansu na bene sai ya hango baƙin hayaƙi ya turnuƙe a hayin teku. Wata unguwar katako ce irin tasu. Matasa suna wurin aiki, tsofaffi suna barcin rana, iska kuma tana kaɗawa. Kafin wani ya farga wuta ta ci gida uku, kafin motar kashe gobara ta sami hanya babu abin da ya rage sai turaku suna hayaƙi a cikin ruwa. Ya daɗe a tagar. Ya san yayansa, da ya ci abincin rana sai ya miƙe a kan benci, ko ganga aka buga a kansa ba zai motsa ba.

Washegari ya kwashe kwanukan Poh Gaik daga teburin baranda ya baje kayan aiki.

Abin da ya sa a gaba shi ne ido mai ganin wuta tun tana jaririya. Harshen wuta yana fitar da wani haske can bayan shuɗi, wanda idon mutum bai kai ba, rana kuma ba ta iya sauko da irinsa ƙasa. Ido mai ganin wannan haske kaɗai ba zai ruɗe da rana ba, ko da walƙiyarta a kan ruwa. Sai dai hasken sangartacce ne. Gilashin taga ma tare shi yake yi, sai an sa wani gilashi na musamman, kuma ɗigon mai ko shatin yatsa ya isa ya makantar da shi.

Wannan duk sananne ne a sana'ar. Matsalar Gadar Beh daban take. A gadar nan babu ƙofar da ba ta da fitilar mai da kyandir da turare. Ido mai ihu duk lokacin da ya ga wuta, kwana ɗaya zai yi a jefa shi teku. Dole ya koya masa ya ƙyale ƙaramar wuta mai zama wuri ɗaya, ya yi kururuwa kan wadda take girma. Ya ƙone kyandirorin cocin Poh Gaik, ya ƙone tsofaffin jaridu a cikin kaskon suya.

Ta leƙo tana fifita hayaƙi da murfin tukunya ta ce, "Tsoho, wai maganin gobara kake haɗawa ko gobarar?"

"Matsa, kin tare masa gani."

"Ni na tare masa gani? A gidana? To ka gaya masa kaskon nan da shi zan soya taliya, in yana jin yunwa ya yi ihu."

Bayan watanni ya gama. Akwati ne na ƙarfe kamar gwangwanin biskit, da 'yar taga zagayayya a gaba, da koriyar fitila mai nuna yana da rai, da ƙararrawa mai tada matacce. Ya naɗe shi a tawul ya hau bas zuwa gada.

Ya tarar da Tiong Hin yana goge farantan tagulla. Ya yi bayani, ya kunna jarida a cikin bokiti, ƙararrawa ta tsage, kajin maƙwabta suka watse. Gwaggo Siew Eng mai sayar da taliya a bakin gada ta fito da ludayi a hannu.

"Wayyo Kawu Lai, ashe kai ne! Na ɗauka yaƙi ya dawo." Ta sunkuya ta leƙa tagar. "Ido ɗaya ka yi masa? Kuɗin na biyun ne ya gagara?"

"Ɗaya ya isa. Kada ki taɓa! Kada kowa ya taɓa gilashin nan."

"Wa zai taɓa? Mai ido ɗaya ko miji aka ba ni ba na so."

Tiong Hin bai yi dariya ba. Ya zagaya akwatin sau biyu, hannuwa a baya. Ya ce, "Wannan gani yake yi?"

"Yana gani, Yaya."

"Dare da rana? Ba ya barci?"

"Ba ya barci."

Tiong Hin ya gyaɗa kai. Sannan ya nuna dogon sandan tuta da ke gaban ɗakin bauta, inda ake hango rufin kowane gida har ƙarshen gada. "A can za a ɗaura shi. Ka ɗaura, amma kada ka kunna. Ka dawo ranar da zan aiko maka."

Tiong Lai ya ɗauka sai dattawa sun zauna ne. Ranar da aka aiko, ya zo da Poh Gaik da 'yar jakar kayan aiki. Tun daga titi suka ji ganga. Gada ta cika maƙil. Ga gasasshen alade a kan tebur, ga lemu an jera dala-dala, ga malamin bauta cikin doguwar rigarsa yana kaɗa 'yar ƙararrawa. Can saman sanda an lulluɓe akwatin da jan ƙyalle, an jingina tsani.

Nan take Tiong Lai ya gane. Shi ma ɗan gadar ne. Duk abin da ke da ido, mutum-mutumin allah ne, ko kan zakin da ake sawa a yi rawar biki, ko sabon jirgin tsere, ba ya gani sai an buɗe masa ido. Kafin nan itace ne kawai. Buɗewar kuma ita ce a tsoma alƙalamin gashi cikin jan garin dutse da aka dama, a ɗiga a tsakiyar idon. Ba kowane abu ake yi wa haka ba. Bai taɓa jin an yi wa na'ura ba.

Malamin bauta ya gama karatunsa ya miƙa alƙalami. Tiong Hin ya karɓa. Yana da shekara saba'in da 'yan kai, gwiwoyinsa sun lalace, hannunsa yana rawa tun bara. Matasa suka ce su hau masa, ya daka musu tsawa. Ya kama tsani yana hawa taki ɗaya-ɗaya, yana hutawa, alƙalami a tsakanin haƙora. Ya kai sama ya yaye jan ƙyalle. Ya juyo ya dubi jama'a ya ce da ƙarfi, "Wannan ɗan gidanmu ne ya ƙera shi. Ɗan babana."

Tiong Lai ya buɗe baki. Poh Gaik ta mintsine shi a cinya har sai da ya ji a ƙashi.

Alƙalami ya sauka. Da yake hannun rawa yake yi, ɗigon ya zama shafe, ya rufe 'yar tagar kusan duka, ja jawur. Ganga ta ɓarke, aka kunna tartsatsin wuta na biki, aka ce wa Injiniya ya kunna. Ya kunna. Koriyar fitila ta kama. Jama'a suka yi shewa.

Ya ci naman bai ji ɗanɗanonsa ba.

Kashegari da hantsi ya koma da bokiti da jarida, ya ce gwaji ne na yau da kullum. Ya tafi bayan ɗakin bauta inda ido ke iya hangowa amma mutane ba sa gani sosai, ya kunna. Wuta ta tashi har ƙugunsa. Ƙararrawa ba ta ce uffan ba. Koriyar fitila tana can tana haske abinta.

A gida ya zauna a baranda bai cire takalmi ba.

Poh Gaik ta ce, "Ya makance?"

"Gaba ɗaya. Kuma sun saki jiki. Gwaggo Siew Eng ce mini ta yi yanzu tana iya barin garwashi ta je wanka."

"To ka hau ka goge mana. Ba kai ne sarkin goge-goge ba?"

"In goge? Ke kin taɓa ganin an goge idon da aka buɗe? A gaban gada, bayan ya hau tsanin nan da gwiwoyinsa?" Ya murza ƙyallen a hannu. "Na taɓa maida hannu baya sau ɗaya, Gaik. Kin ga abin da ya jawo."

"To ka bar shi haka, su ƙone cikin mutunci."

"Da kin bar ni na yi magana jiya..."

"Da na bar ka, da yau ba ka da yaya. Yanzu kana da yaya, ba ka da ido. Ido kuma ka iya ƙerawa." Ta ja kujera ta zauna. "Watan bakwai ya kusa. Ka san yadda suke ƙona wa matattu takardun sadaka a gadar nan cikin watan, kowa da tulinsa, ga iska."

Ya sani. Ya yi tunanin ya huda wata 'yar taga a ƙasan akwatin a ɓoye, ya bar kowa da abin da ya yarda da shi. Har ya zana. Amma ya ga watarana wani mai neman lada zai hango ta ya ɗiga mata nata jan, ko mai fenti ya shafe ta. Kuma bai so ya riƙa zama a teburin yayansa da wannan a ciki.

Da safe ya sayi gahawa biyu a leda ya nufi gada. Ya sami Tiong Hin zaune a matakalar ruwa. Ya miƙa masa ɗaya, ya ajiye bokiti a tsakiyar fili, daidai gaban sanda, ya kunna jarida. Suka tsaya suna kallo har ta cinye. Tiong Hin ya dubi toka, ya ɗaga kai ya dubi akwati.

"Ya lalace?"

"Bai lalace ba, Yaya. Jan ne. Hasken da yake gani ba ya ratsa fenti."

Tiong Hin ya ajiye gahawarsa a hankali. "Wato ni na tsone masa ido."

Ya juyo ya dubi ƙanensa.

"Ina can sama kamar biri, kai kana ƙasa ka sani. Bakinka ciwo yake yi?"

"Gaik ta mintsine ni."

"Gaik! Kai da ka iya maida hannu baya gaban gawar ubanka, mintsinin mace ne ya hana ka magana?"

Wannan ne karo na farko da maganar ta fito daga bakinsa. Ruwa yana ta bugun turaku a ƙasa. Tiong Lai ya dubi ramin da ke tsakanin katako biyu a gaban takalminsa.

Ya ce, "Ka ce ɗan babanka. Ban so ka sauko ba ka gama ba."

Tiong Hin ya kau da kai wajen teku. Ya jawo majina, ya tofa a ruwa, ya ce, "Ba za a goge ba. Idon da aka buɗe ba a rufe shi."

"Na sani."

"Kuma idon da ba a buɗe ba ba zai yi gadin gadar nan ba, ko ni na yarda mutane ba za su yarda ba." Ya ɗauki gahawa ya kurɓa. "Dama matan nan sun dame ni. Wai mai ido ɗaya a bakin gada ba alheri ba ne. Ka yi masa na biyu."

"Na biyun ma za ka ɗiga masa."

"Dole."

"A gefe fa? A jikin ƙarfen?"

"Kai idonka a kunne yake? A tsakiya. Ƙwayar ido."

"Tsakiya kawai? Ko duk idon?"

"Tsakiya kawai. Ni ne dai hannuna ya zarce."

Tiong Lai ya tsaya da leda a hannu, bai kai baki ba. Tsakiya kawai. Ya tuna wani madubin hangen taurari da Fada Cornelius yake fitarwa filin makaranta. Ba gilashi ne ke tattara haske a cikinsa ba, madubi ne mai zurfi kamar kwano a can ƙasa, yana tura hasken zuwa wani ɗan ƙaramin madubi da ke tsaye a tsakiyar baki. Bayan ƙaramin madubin nan makaho ne tun asali. Haske ta gefensa yake shiga, zobe guda. Ka shafa masa abin da ka ga dama.

Ya zabura har gahawa ta zube masa a wando.

"Ina za ka?"

"Gida. Kada kowa ya bar garwashi, Yaya. Ka gaya wa Siew Eng."

"In ce mata me?"

"Ka ce idon yana koyon gani."

Poh Gaik ta sake rasa teburinta. Ya nemo wani tsohon abokin aiki mai injin sassaƙa ƙarfe ya fafe masa ɗan kwano, suka goge shi har ya zama madubi. Ya yi taga mai faɗi, ya manna ƙaramin madubi a tsakiyarta daga ciki, daga waje kuma ya ɗora ɗan maɓallin tagulla mai ɗan zurfi, bai fi ƙwayar wake ba, da baki kewaye don ya riƙe ja kada ya gangaro. Da ya gwada sai ya ga abin da bai nema ba: kwanon yana tattaro haske fiye da tsohuwar taga, ido yana hango wutar jarida daga nisan da na farko bai taɓa kaiwa ba. Ya zauna yana dariya shi kaɗai.

Gaik ta ce, "Lafiya?"

"Duk shekarun da na yi a ɗakin duhu ban yi tunanin wannan ba."

"To ka rubuta sunan yayanka a takardar mallaka. Ni kuma a ba ni allon, tukunyata ta biyu ba ta da mazauni."

Kwanaki kaɗan kafin watan bakwai aka sake taruwa. Wannan karon babu alade, kaji ne da lemu, amma malamin bauta ya zo, ganga ma ta zo. An sauko da akwatin an ɗora a tebur, don Tiong Lai ya ce in yayansa ya sake hawa tsani zai kwashe kayansa ya tafi. Tsohon ido yana nan da shafensa na ja, ba a taɓa ba. Sabon yana gefensa, zoben gilashi garau da ɗigon tagulla a tsakiya.

Gwaggo Siew Eng ta leƙa ta ce, "Yanzu ka yi magana. Ɗaya ja ɗaya fari, kamar mijina in ya sha, amma dai biyu ne."

Tiong Hin ya tsoma alƙalami ya matso. Ya dubi maɓallin, ya dubi hannunsa. Bakin alƙalami yana rawa kamar ganye, ja yana neman ɗiga. Ya matsa, ya janye. Ya sake matsawa, ya janye. Ganga ta yi ƙasa-ƙasa. Kowa ya san abin da zai faru in ja ya taɓa zoben.

Wani daga cikin dattawa ya ce, "A ba malam ya ɗiga mana."

Tiong Hin bai ko dube shi ba. Bai kuma miƙa wa ƙanensa alƙalamin ba, don ya san tun ranar turaren nan ba a neman irin wannan a wurinsa. Ya tsaya kawai, hannu a sama yana kaɗawa.

Tiong Lai ya lura hannuwansa suna baya, inda ya saba ajiye su a irin wannan taro. Ya sako su. Ya tako a karkace ta tsakanin tebur da malamin bauta, ya kama wuyan hannun yayansa da hannu biyu, irin kamun da yake yi wa abin da bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Fatar ta yi laushi, ƙashin ya yi sauƙi, ba kamar hannun da yake ɗaga shi ya jefa cikin kwale-kwale ba. Rawar ta tsaya.

Tiong Hin ya ce ƙasa-ƙasa, "Riƙe da kyau, Ƙaguwa. Kada ka kai mu gefe."

Alƙalami ya sauka a tsakiyar tagulla, ya tashi. Ɗigo ɗaya, zagayayye.

Matasa suka hau suka ɗaura akwati. Aka aiki wani can ƙarshen gada, wajen gida na ƙarshe, da bokiti da jarida. Daga nan ɗan mitsitsi ake ganinsa. Ya sunkuya, hayaƙi ya tashi, harshen wuta ya leƙo. Ƙararrawa ta tsage har tantabarun rufin ɗakin bauta suka tashi gaba ɗaya.

Cikin hayaniyar Tiong Hin ya cire tabarau ɗinsa ya share ido da bayan hannu. Gilashin duk maiƙo ne da shatin yatsa da ɗigon ja. Ya miƙa wa ƙanensa ba tare da ya dube shi ba.

"Ungo. Tun ɗazu na ga kana kallonsa."